Fatsa Daga Bakin Gaɓa: Ilimin Ƙugiya, Cokali da Taƙin Waya

Duk wanda ya shiga kasuwar Dambatta ran Lahadi, ya ratsa rumfunan masu hatsi da turken tumaki har ya kai inda hayaƙin man gyaɗa yake tashi, zai tarar da mai suya yana juya wani kifi mai baƙin zane a gadon baya, wanda yaro da babba suka sani da sunan titus. Kifin nan bai taɓa shan ruwan ƙasarmu ba. Mafi yawansa a tekun arewacin Turai ake kamo shi, wajen Norwe da Ailan da Ingila, a daskarar da shi, a sauke shi a Ikko, sa'an nan mota mai sanyi ta yi tafiyar kilomita wajen dubu da shi kafin ya iso kaskon suya. Alhali kuwa daga kaskon nan zuwa dam ɗin Tomas, inda tarwaɗa da karfasa suke hayayyafa, tafiyar ɗan lokaci ce a kan babur. Hukumomi kan ƙiyasta cewa Nijeriya tana bukatar kifi tan miliyan 3.6 kowace shekara, abin da take samarwa da kanta kuwa wajen sulusin haka ne, sauran giɓin sai abin da aka iya sayowa daga ƙasashen waje.

Ba wanda zai ce ƙugiya ɗaya a hannun manomi za ta cike wannan giɓi. Amma tun da yake Allah Ya kawo ruwa mai zama rani da damina kusa da gonakinmu, ya kamata mu san hanyar cin arzikinsa wadda ta fi sauƙin kuɗi, ta fi aminci ga rai, ta kuma fi barin iri ga na baya. Wannan hanya kuwa ita ce fatsa daga bakin gaɓa, wadda mutane da yawa suke ɗauka wasan yara ce, saboda ba su ga wanda ya yi ta da sani ba.

Yadda ruwa ya iske manoma

Ƙasar da ke arewa da birnin Kano jigawa ce mai rairayi, wadda jama'a suka cika tun zamanin da, har ya zama gona tana jingine da gona, babu daji babu saura, sai gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka da aka bari tsaye cikin gonaki saboda amfaninsu. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru tun daga shekarun 1960 yana nazarin yadda mutanen karkarar Kano suke noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da ya mutu ba, ta hanyar taki da kiwo da haɗa gero da wake, har labarin ya zama abin karantarwa a jami'o'in duniya. Mutanen nan sun san ƙasa sani na haƙiƙa. Ruwa ne ba su saba da shi ba, domin rafukansu, irin su Tomas da Gari da Jakara, ba sa gudu sai da damina, da kaka ta wuce kuwa sai su ƙafe su bar yashi. Saboda haka su bai zama sana'ar gado a nan ba kamar yadda ya zama ga Kabawan Argungu ko Sarkawan Yawuri ko mutanen fadamar Haɗeja. Abin da aka sani shi ne sun tafki da kududdufi, in ruwa ya ja baya samari su faɗa da koma da hannu, a yini ɗaya a gama.

Al'amarin ya sake a zamanin Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya kuma ɗauki tare ruwa a matsayin babban aikinsa. A kudu aka fara, da Bagauda a 1970 da Tiga a 1974. Farin da ya ƙona arewa wajen 1973 ya ƙara tabbatar wa kowa hikimar abin. Sa'an nan tsakanin 1976 da 1980 aka kammala Tomas a ƙasar Dambatta, da Jakara a Wasai ta Minjibir, da Gari a wajen Kunci, da Watari a Bagwai. An gina su ne domin noman rani da ruwan sha, amma inda ruwa ya zauna kifi yakan zauna, kuma ba a daɗe ba masunta na gado suka iso da jiragensu da kalli da birgi da taru, 'ya'yan manoma suka koya a hannunsu. Sai dai jirgi da kalli jari ne, shiga tsakiyar ruwa kuma kasada ce ga wanda bai iya iyo ba. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, gaɓa ce rabonsa, kuma rabo ne mai albarka in ya san lokacinta.

Abin da ruwan farko yake yi

Lokacin gaɓa shi ne farkon damina. Tun daga Maris har zuwa Mayu, sa'ad da bazara ta tsananta, ruwan dam yakan ja baya ya yi ɗumi, kifi ya koma cikin zurfi inda zaren mai tsayuwa a tudu ba ya kaiwa. Da ruwan sama ya sauka sau biyu ko uku a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, rafuka suka taso, sai sabon ruwa ya shigo dam ɗauke da abin da ya kwaso daga gonaki: tana, da gara, da shingen da yakan tashi bayan ruwan dare, da ƙwari, da ɓurɓushin taki. Ruwan nan ya fi na dam sanyi, ya fi shi iska, ga kuma abinci. Don haka ƙananan kifi, kawara da 'ya'yan karfasa, sukan taru a bakin mashigar rafi, manya masu cin 'yan'uwansu kuma su biyo bayansu, har ya zama kifin da wata guda da ya wuce sai mai jirgi ke ganinsa, yanzu yana kiwo taku goma daga inda mutum yake tsaye.

Kowane kifi kuma da yadda yake karɓar damina. Tarwaɗa takan bi ruwa da dare ta hau cikin ciyawar da ambaliya ta rufe, domin a nan take zuba ƙwai. Karfasa namiji yakan share ɗan gurbi a ƙasan ruwa marar zurfi, macen kuma, a irin da ya fi yawa a wurinmu, ta kwashe ƙwan ta riƙe cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci sai kaɗan duk tsawon kwanakin. Mafi ban al'ajabi ita ce gaiwa, wadda Mahalicci Ya ba huhu: in ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafar shan iska, ta kwana watanni a haka ƙasa ta bushe a kanta, har ran da ruwan farko ya jiƙa wurin ta fito da yunwar rani duka. Mai fatsa da ya san waɗannan ɗabi'u ya riga ya san inda zai tsaya, da sa'ar da zai tsaya, da abin da zai sa wa ƙugiyarsa.

Sa'o'in kuwa biyu ne, kuma dukansu ba su ci karo da aikin gona ba, wanda a wannan lokaci na shuka da noman fari ba ya jiran kowa: daga sallar asuba zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa almuru. A waɗannan lokuta haske yakan yi laushi, kifi ya matso gaɓa ba tare da tsoro ba. Kuma wannan shi ne tsakiyar lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, kuɗi sun tafi ga taki da iri, nama ya yi wa talaka nisa. Tarwaɗa biyu a cikin miyar kuka a irin wannan mako ba ƙaramin taimako ba ne ga yara da mai jego.

Ƙugiya da abin da ake sa mata

Kayan fatsa kaɗan ne: sandar gora, da zare, da ƙugiya, da 'yar dalma mai nutsar da ita, da ɗan guntun kara ko na tsohon silifa da zai yi yawo a bisa ruwa ya ba da labarin abin da ke faruwa a ƙasa. Zaren roban nan da ya kori na auduga, kamfanin DuPont na Amurka ne ya fara fito da shi a ƙarshen shekarun 1930, kuma falalarsa ita ce ba ya ruɓa, ba ya shan ruwa kamar auduga, kifi kuma ba ya ganinsa sosai. Ƙugiyoyin da masunta suka daɗe da yarda da su, masu tambarin mabuɗi, na kamfanin Mustad ne na ƙasar Norwe, wanda yake ƙera su tun ƙarni na 19. Lambarsu tana tafiya ne a juye, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya, kuma kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne sayen babba saboda burin babban kifi, alhali ƙaramar ƙugiya tana kama babba da ƙarami, babbar kuwa ba ta shiga bakin karfasa.

Karfasa mai cin gansakuka ce da ganye da ƙananan ƙwari, saboda haka tana, ko gara, ko ɗan ƙullun dusa ya ishe ta, a rataye shi kamu ɗaya ko biyu ƙarƙashin ruwa kusa da ciyawa. Tarwaɗa kuwa da hanci da gashin baki take farauta, ba da ido ba, don haka abin da ke da ƙarni shi ne nata, kamar hanjin kaza ko guntun kifi, a kwantar da shi a ƙasa da dalma. Kurungu ma a ƙasa yake kiwo. Waɗannan su ne mafi yawan abin da ƙananan madatsun arewacin Kano suke bayarwa, kuma duk da abinci na gaskiya ake kama su.

Cokali

Akwai kuma wata hanya da ba ta bukatar tonon tana, wadda ba ta yaɗu a wurinmu ba tukuna, ko da yake ta game duniya: a yaudari kifi mai farauta da abin da ya yi kama da ƙaramin kifi. Asalin hikimar yana cikin halittar kifin ne. Ban da ido, kifi yana da wani layi a gefen jikinsa, tun daga bayan kai har wutsiya, wanda yake jin motsin ruwa da shi ko cikin duhu ko cikin ruwa mai laka; kuma mai farauta ya fi son wanda ya ji ciwo, mai tafiya yana tangaɗi yana walƙiya, domin shi ne mai sauƙin kamu. Wani masunci matalauci a ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya lura da wannan, a 1936 ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mai sauƙi, ya lulluɓe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, ya yi ta gyara shi har ya riƙa tangaɗi cikin ruwa. Sunansa yau yana kan kayan fatsa a ƙasashe masu yawa.

Mafi sauƙin irin wannan abin yaudara shi ne wanda ake kira cokali, kuma da cokalin shayi ake iya yin sa. A yanke mariƙin, a huda ƙwaryar a kai da gindi, a sa zobe a kowace huda, a rataya ƙugiya a ɗaya, a ɗaya kuma a sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa wanda yake hana zare murɗewa. Aiki ne da kowane maƙeri ko mai gyaran babur zai gama kafin shayi ya huce. In ruwa garau ne, farin cokali ya fi; in ya yi ja da laka, na tagulla ko na farin ƙarfe mai ruwan zinariya ya fi fitowa. Wanda ba shi da sanda mai faifan naɗe zare, sai ya naɗe zarensa a jikin gwangwani ko kwalba, ya wulwula cokalin ya jefa, ya nuna bakin gwangwanin wajen ruwa zaren ya warware da kansa, sa'an nan ya riƙa naɗowa.

Sirrin aikin duka yana cikin naɗowar. In an yi sauri ƙwarai cokalin yakan yi ta juyi kawai ya taso sama. In an yi sanyi ya nutse ya kama ciyawa. Abin da ake nema shi ne tsaka-tsakin da zai sa ya riƙa kaɗawa dama da hagu, wanda mutum zai ji bugunsa a yatsa. A jefa shi ya gitta bakin mashigar rafi, inda jan ruwa ya haɗu da garau, domin a kan wannan iyaka masu farauta suke kwanton ɓauna. A fara da sama-sama, in ba a samu ba a bar shi ya ƙara nutsewa kafin a ja. In an yi jifa goma sha ba labari, a matsa gaba, gama mai cokali shi ke neman kifi, mai tana ne kifi ke nema.

Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa cokali ba na kowane ruwa ba ne. Karfasa ba ta cika bin sa ba, tarwaɗa ma sai jefi-jefi. Na giwar ruwa ne da tsage da manyan kawara, waɗanda suka fi samuwa a manyan ruwaye kamar Tiga da kogin Haɗeja da Kainji da Tafkin Cadi. Amma matasanmu na Makoɗa da Tsanyawa da Gabasawa suna zuwa waɗannan wurare ci-rani da fatauci, kuma wanda ya tafi da wannan ilimi a kansa ya tafi da guzurin da ba ya nauyi.

Taƙin waya

A kan tsage ne maganar wayar ƙarfe take shigowa. Tsage kifi ne dogo mai farin jiki da baƙaƙen layuka da jar wutsiya, haƙoransa a waje suke, masu tsini, na sama suna shiga tsakanin na ƙasa, har in ya rufe baki a kan zaren roba sai ya datse shi kamar yadda almakashin tela yake datse zare. Ba ya ɗanɗana abu. Da gudu yake bugunsa, ya yi tsalle sama ya girgiza kai, kuma da yake bakinsa ƙashi ne, sau da yawa yakan tofar da ƙugiya tun yana sama. Danginsa na kogin Kwango yana kaiwa kilo 50, na kogin Zambezi kuwa ana yi masa gasa kowace shekara a tafkin Kariba, kuma a 2014 masu bincike a Afirka ta Kudu suka ba da rahoton sun ga yana tsalle yana cafke tsuntsaye suna cikin tashi a kan ruwa. Namu bai kai waɗannan girma ba, amma haƙorin ɗaya ne. Gaiwa ma, wadda take cikin tafkunanmu na nan kusa, tana da faffaɗan haƙori mai murƙushe katantanwa, wanda yake cinye zare, yake kuma raunata yatsan marar lura.

Maganin abin shi ne a raba haƙori da zare: a sa guntun waya tsakanin cokali ko ƙugiya da zaren roba, tsawonta taƙi ɗaya, wato wajen santimita 20, domin kifin ba ya cika haɗiye abin da ya wuce haka. Akwai wayar da aka yi musamman domin wannan, mai silli ɗaya da mai silli da yawa a tufke. Wanda bai same ta ba yana iya warware kebul ɗin birkin keke ya zari silli biyu ko uku. Ba a ƙulla waya yadda ake ƙulla zare. Akan zura ta cikin idon ƙugiya, a lanƙwaso, a murɗa sillin biyu tare sau huɗu ko biyar, kowanne yana naɗe ɗan'uwansa, sa'an nan a naɗe ragowar a jikin doguwar a matse, a karya saura. In silli ɗaya ne kawai ya naɗe ɗayan yana miƙe, ranar da babban kifi ya ja sai ta zame. A ɗaya ƙarshen kuma kada a ɗaura zaren roba a jikin waya kai tsaye, domin za ta yanke shi. A sa ƙarfe mai juyawa a tsakani, kuma ya zama baƙi, saboda in yana ƙyalli wani tsagen zai kai masa cizo ya datse zaren daga sama, a yi asarar kifi da cokali gaba ɗaya. Wayar da ta lanƙwashe ta yi gwiwa, ko ta fara tsatsa, a cire ta, gama a nan za ta karye.

Waya tana da aibinta, kuma mai hankali yakan auna. Kifi yana ganinta, tana kuma rage wa cokali kaɗawa. Saboda haka da rani, sa'ad da ruwa ya kwanta ya yi garau, mai waya yakan samu cizo kaɗan bisa ga marar waya. A farkon damina kuwa, da laka ta rufe idon kifi, yunwa kuma ta rage masa wayo, aibin yakan kusa ɓacewa, fa'idar kuwa tana nan. Ga karfasa da tarwaɗa ba a bukatarta ko kaɗan. Giwar ruwa ma haƙoranta ƙanana ne, abin tsoro a gare ta shi ne kaifin marfin kunnenta da kaushin bakinta, kuma zaren roba mai kauri ya wadatar. Ƙa'idar ita ce a sa waya saboda haƙori, a kuma sa mafi siririyar da za ta iya aikin.

Wannan mas'ala ɗaya ce da wadda masu fatsar bakin teku suke tattaunawa game da titus da danginsa. Titus na tekun Turai ba shi da jakar iskar da sauran kifaye suke tsayawa da ita cikin ruwa, don haka ba ya daina tafiya. Yakan matso gaɓar Ingila da Ailan garke-garke in zafi ya fara, mutane su tsaya kan duwatsu da gadoji su kama shi da ƙugiyoyi masu gashin tsuntsu, kuma da yake haƙoransa ƙanana ne ba a sa masa waya. Amma yana da manyan dangi a ruwan ɗumi, a gaɓar Filorida da Tekun Meksiko, har da gaɓar Afirka ta Yamma, masu haƙora kamar na tsage, waɗanda suke biyo ƙananan kifi zuwa gaɓa a farkon lokacinsu. A can ma cokali ake jefa musu, a can ma ana jayayya tsakanin mai cewa a sa waya kada a yi asara da mai cewa a bar ta kada kifi ya gudu.

Hukunci da amana

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun tafi a kan cewa dabbar ruwa halal ce ba tare da yanka ba, hujjarsu kuwa har da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, inda wani mai tafiya a jirgi ya yi tambaya game da alwala da ruwan teku, aka ba shi amsar da ta tabbatar da tsarkin ruwan da halaccin mushensa. Wannan rangwame ne babba. Sai dai halaccin ci bai halatta ɓarna ba, domin shari'ar da ta halatta kifi ita ce ta hana almubazzaranci, ta hana cuta da cutarwa, ta kuma sanya ruwa cikin abubuwan da jama'a suke tarayya a kansu.

Ɓarnar kuwa sananniya ce ga duk wanda yake zaune kusa da dam. Akwai mai zuba maganin ƙwari irin gamalin a ruwa, ya kashe babba da ƙarami da ƙwai, ya sayar wa Musulmi guba, ya bar saura ga shanu da masu ɗiban ruwan sha. Akwai mai jan gidan sauron da aka raba domin kare yara daga zazzaɓi, ya kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba. Akwai masu bin tarwaɗa da fitila da sanda cikin ciyawa a daren da ta hau zuba ƙwai, alhali uwa ɗaya tana ɗauke da ƙwai dubbai masu yawa. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, amma doka ba ta da ido a kowace gaɓa. Abin da ya tsare ruwan Matan Fada a Argungu, har bikin da aka fara a 1934 ya kai ga hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, shi ne al'adar rufe ruwa da biyayya ga Sarkin Ruwa, ba yawan 'yan doka ba.

Falalar fatsa a nan take. Ƙugiya ɗaya kifi ɗaya take kamawa, kuma tana kawo shi da ransa a hannun mutum, ya dube shi ya yi hukunci. In tarwaɗa ce cikinta ya kumbura da ƙwai, ko karfasa da 'ya'ya a baki, ko ƙaramin da bai isa tukunya ba, yana da ikon ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiya a hankali, ya mayar. Mai taru da mai guba ba su da wannan zaɓi. Tun da yake lokacin da kifi ya fi kamuwa a gaɓa shi ne kuma lokacin da yake haihuwa, lalle wanda ya mayar da uwa a Yuni shi ne ya shuka abin da zai kama baɗi, kuma manomin da ya san haramcin cinye iri ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

Tsare rai

Tsayuwa a tudu tana kare mutum daga abu biyu. Na farko tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda ƙwayarta take fitowa daga ƙananan katantanwa a ruwa mai ciyawa ta huda fatar mai shiga. Ta yawaita a garuruwan da ke bakin madatsun ruwa, kuma yaron da ya yi fatsa daga kan dutse ya fi wanda ya shiga har ƙugu tsira daga gare ta. Na biyu nutsewa. Jama'ar Bagwai ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgi ya kife a ruwan Watari da mutanen da suka taso daga Badau, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, rayuka da yawa suka salwanta. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ruwan dam yana da ramuka, gaɓar da sabon ruwa ya ci ƙarƙashinta kuma tana iya zabgewa da mutum, don haka kada yaro ya tafi shi kaɗai, kada kuma a tsaya da doguwar sanda a fili in hadari ya taso da tsawa. A kama kurungu da tarwaɗa ta bayan ƙayoyinsu, a cire ƙugiya daga bakin tsage da gaiwa da filaya. Game da ruwan Jakara kuwa, wanda yake kwaso dattin birni da na masana'antu kafin ya taru a Wasai, masu bincike sun daɗe suna gargaɗi a kan abin da ke taruwa a jikin kifinsa, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta tsarkake shi.

Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan ilimi da daraja a koyar da shi. Sarakunan ruwa da dagatai su zauna da masunta su keɓe mashigar rafi da ciyawar haihuwa daga taru da gidan sauro tun daga ruwan farko har tsakiyar Agusta, su bar ta ga masu ƙugiya bisa sharaɗin mayar da mai ƙwai. Limamai su ambaci guba a ruwa cikin huɗuba da sunanta, kamar yadda suke ambaton tauye mudu. Malaman gona, waɗanda suke zagaya ƙauyuka da maganar iri da taki, su ƙara da maganar girman idon kalli da lambar ƙugiya. Maƙera su gwada ƙera cokali su kai kasuwa, dattawan masunta kuma su yarda su nuna wa 'ya'yan manoma murɗin waya da karatun ruwa, domin madatsun nan sun haura shekara arba'in, laka tana cike su sannu a hankali, jama'ar da ke kewaye da su kuwa kullum ƙaruwa take yi, kuma gwargwadon yadda aka ladabtar da hannun da ke kamawa, gwargwadon abin da za a samu a cikinsu nan da shekara arba'in masu zuwa.